Wanda Ba Na Iya Faɗin Sunansa

Mindawi, Maris

Kandere Alois,

Gaisuwa, ɗan uwana ta wajen uwa, da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yaran. Mu nan da sauƙi. Kogi ya cika har ƙarƙashin azuzuwa, sauro kuma ya samu abin da yake so. 'Yata Klara ta yi zazzaɓi amma ta miƙe. Tsohuwa Matilda, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakin su kakarka da kakata, tana tambaya ko kana raye. Na ce mata kana raye, tunda muna ganin sa hannunka a ƙasan takardun Kwamitin Makarantun Kogi.

Kwalin da kuka aiko ya iso. Mun taru muka buɗe, muna zaton alli ne ko maganin zazzaɓi. Sai ga hotunan yara masu ƙiba suna dariya, an rubuta a ƙasa wai yaro mai walwala shi ne mai koyo. Ka miƙa godiyarmu ga wanda ya yi wannan tunani. Takardar tana da kauri, ta toshe inda rufin aji biyar yake yoyo.

Ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Tun wata na takwas na bara aka ɗora min kula da ɗakin kwanan 'yan mata, ban da ajina. Yaran ƙauyukan nesa ne, iyayensu kan kawo musu garin sago, tuwonmu na nan, da busasshen kifi a kwalekwale, su juya su bar mana amana. Akwai wani a makarantar nan wanda ba na iya faɗin sunansa. Da farko fitar da su yake yi daga aji su je fadama su wanke masa sagon da yake sayarwa, su dawo da yamma ba su sa komai a ciki ba. Wannan na shanye, domin ba a kansa aka fara ba. Yanzu kuma manyan cikinsu yake kira gidansa, ɗaya bayan ɗaya, wai shara, kuma sai ranar da matarsa ta tafi kasuwa dattin gidan yake damunsa.

Rufina, wadda ba ni da kamarta a aji takwas, ta je sharar a watan jiya. Da ta dawo ta zauna a bakin tsani, ta ƙi abinci. Na ce, "Rufina, me ya faru?" Ta ce, "Malama, ba ke kika ce in je ba?" Ni na ce, domin ta hannuna saƙon yake biyowa, kuma a lokacin shara na ɗauka. Ubanta ya zo ya ɗauke ta. Wasu sun bi bayanta. Jarrabawar ƙasa a Oktoba take, kuma yarinyar da ta bar aji takwas a nan ba ta dawowa, kai ma ka sani.

Ba zan tsawaita ba, takardar nan za ta bi hannaye da yawa kafin ta kai Wewak. Ka gane wanda nake nufi, mutum ɗaya ne irinsa a makarantar. A da, kana jarida a Mosbi, babban birni, kana rubuta wa manya abin da ke hana su barci. Yanzu kai ne sakataren kwamiti. Ina so in ga ko biron naka yana aiki a kan ƙaramin mutum.

'Yar uwarka,
Filomina


Wewak, Afrilu

Ƙanwata Filomina,

Saƙonki ya same ni lafiya, sai ciwon ƙafa da likita ya ce zaman kujera ne. Ki duba min Klara da jiki. Ki faɗa wa tsohuwa Matilda ina raye, kuma zan zo in an gyara hanya, wato ta daina jira.

Game da hotunan, ba ni na zaɓe su ba. Wasu baƙi ne suka zo suka kama ɗakin taro a otal, suka tara mu kwana da kwanaki a kan walwalar ɗalibi. An ci kaza, an raba riguna. Babu wanda ya tambaya ko ɗalibin ya karya kumallo. Na ji daɗi da aikinsu ya tare wa wani ruwan sama. Ba na jin sun taɓa samun sakamako mai kyau haka a ko'ina.

Yanzu maganarki. Na daɗe ina karanta irin jimlar da kika rubuta. A jarida ba a rufa mako ba a aiko mana wasiƙa daga wani asibiti ko wata makaranta ba: akwai wani wanda ba zan iya faɗin sunansa ba. Ban taɓa ganin ta nufi masinja ba. Kullum shugaba ne, domin shi ake tsoro. Saboda haka ban ɓata lokaci ba. Na kai maganar gaban Sista Imelda, shugabar kwamiti, ba tare da na ambace ki ba, kuma an dakatar da hedimastanku, Malam Kaspar, har sai an bincika. Na san tsoho ne, na san rabin kogin shi ya koyar da su. Irinsu ne suka fi daɗewa ba a taɓa su ba.

Mataimakinsa, Malam Ogas, shi zai riƙe makarantar. Ya zo ofis da kansa ya karɓi takarda. Mutum ne mai tsari, ya iya magana, har ya tambaye ni ko akwai sauran hotunan, na ba shi. Ya nuna damuwa ƙwarai da 'yan matan.

Abin da ke ba ni haushi da mutanenmu shi ne wannan raɗa. Mace mai takardar shaidar koyarwa, ta ga ɓarna da idonta, sai ta koma habaici kamar mai tsegumi a wurin wanki. Da kin rubuta suna, da layi ɗaya ya wadatar. Amma ba komai, akwai masu iya karanta abin da ba a rubuta ba.

Ƙaramin gyara, tsohon hali ne, ya ƙi barina. Kin rubuta Maris, kin rubuta Oktoba, sai kika ce "wata na takwas". Watan yana da suna: Agusta, ko Ogas a bakin mutanenmu. Ya kamata malamar makaranta ta riƙe goma sha biyun duka.

Yayanki,
Alois


Mindawi, Yuni

Kandere,

Ina fata ƙafar ta yi sauƙi. Muna lafiya. Tsohuwa Matilda ta ce ba jira take ba, tambaya kawai ta yi.

Wasiƙarka ta Afrilu ta maƙale a bakin gadar da ruwa ya cinye, sai makon jiya ta iso. Aikinka ya riga ta zuwa. Ina tsaye Malam Kaspar ya ɗaure littattafansa da igiya ya sa a kwalekwale, yara sun jeru a gaɓa suna kallo. Wannan tsoho shi yake sayen alli da albashinsa, in albashin ya zo. Shi kaɗai ya taɓa hana a fitar da yara daga aji. Ya ce min, "'Yata, ko kin ji abin da aka ce na yi?" Na ce ban ji ba. Gaskiya na faɗa, domin ban yi zaton akwai mai ilimi a duniya da zai karanta takardata haka ba.

Alois, rabonka da shan ruwan kogin nan tun yaushe? In mace a nan ta ce ba ta iya faɗin sunan mutum, ba tsoro take nufi ba. Tambunta ne, surukinta. Ɗan aji uku ya san wannan. Wanda kuka miƙa wa makarantar yayan maigidana ne, ciki ɗaya. Tun ranar da aka kai aladun aurena sunansa ya fita daga bakina da hannuna, shi da duk kalmar da ta yi kama da shi. Da ka zo bikin da ka sani. Kati ka aiko, mai hoton kurciya.

Ka sake duba wasiƙarka in kana da kwafi, na san kana da shi. Ka rubuta sunan mutumin a sama, ka rubuta sunan watan a ƙasa, ka zauna a tsakaninsu kana gyara min rubutu. Na riƙe watannin duka, kandere. Ɗaya ne ba na furtawa. Duk ɗalibin da ya ratsa ajina "wata na takwas" yake kwafa daga allo, kuma babu wanda ya taɓa tambayar dalili, domin su 'yan kogi ne.

Yanzu makullin komai yana hannunsa. Ranar da ya hau kujera ya tsaya a ƙofar ajina yana tauna buai, goronmu na nan, bakinsa ja wur, ya ce, "Tambu, an ce wani ya kai ƙara Wewak. Ko kin ji wane ne? So nake in yi masa godiya." Na sunkuyar da kai, domin ba na kallon idonsa, haka aka koya min. Ya ce, "Ki turo min biyu gobe. Gidan hedimasta ya fi girma."

Ban tura ba. Na ce duk zazzaɓi suke yi, kuma rabin maganar gaskiya ne. Na mayar da tabarmata ɗakinsu, a bakin ƙofa. Amma ba zan iya ƙirƙirar zazzaɓi har Oktoba ba.

Ka gyara abin da ka ɓata. Yanzu ka san mutumin, sai dai in kana so in zana maka hotonsa, mai iya karanta abin da ba a rubuta ba.

Filomina


Wewak, Yuli

Filomina,

Na ji daɗi kuna lafiya. Ƙafa tana nan yadda take.

Na karanta wasiƙarki, sannan na ɗauko kwafin tawa. Haka ne, sunan yana nan sama da ƙasa. Ba zan yi miki kuka a takarda ba, ba ya gyara komai. Na karanta ba daidai ba. Ke kuma kin aika wa mutumin da ya bar kogi tun yana ɗan makaranta jimlar da babu mai gane ta sai wanda bai taɓa barinsa ba. "Yayan maigidana" kalma biyu ce, kuma al'ada ba ta hana ta ba, ga shi kin rubuta a Yuni ba ki mutu ba. A Maris kin zaɓi wadda za ta ba ki damar cewa kin faɗa, alhali ba ki faɗa ba.

Na koma wurin Sista Imelda. Ta saurare ni har ƙarshe, ta cire tabarau, ta ce, "Malam Sakatare, a Afrilu ka kawo min mutum marar suna, na kori mai suna. Yau ka kawo min wani. A Satumba wa za ka kawo?" Ta mayar da tabaraunta. Ta ce ba za ta sake taɓa kowa a kan habaici ba. Za ta hau kogi da kanta a tsakiyar Agusta, ta zauna a makarantar a gaban iyaye. Wanda ya ga abu ya tashi ya ce ga abin da na gani, ga sunan wanda ya yi. In babu, za a tabbatar wa Ogas kujerar, Kaspar kuma ya yi ritaya da tabonsa.

Na san abin da za ki ce. Na karanta isasshe a kan wannan al'ada, har da na Turawan da kan zo su yi 'yan watanni a ƙauye su koma gida su zama farfesoshi. An ce girmamawa ce, tana hana rigima tsakanin gidaje biyu. Wataƙila. A zamanin da ake haihuwar mutum a binne shi a ƙauye ɗaya, kowa na ganin kowa, suna ba dole ba ne. Amma babu kakan da ya hango ranar da za a tara 'ya'yan mutane a ɗaki ɗaya, nesa da iyayensu, a damƙa wa surukin mace makulli. Kin bar abubuwan kakanni da yawa ba ki zubar da hawaye ba: kina sa takalmi, kina karɓar allura, kina tsayawa gaban maza kina koyarwa. Wannan ɗayan kika riƙe gam, kuma shi ne wanda riƙonsa ya fi yi miki sauƙi.

Haruffa huɗu ne, Filomina. Aku ma zai iya.

Alois


Mindawi, ƙarshen Yuli

Kandere Alois,

Muna lafiya, sai Klara da ke tari. Ina gaida mai ɗakinka, wadda na ji tana kiran mahaifinka da sunansa tun yana raye, a gabansa, yana murmushi don bai san yadda zai yi ba.

Haruffa huɗu. A Wewak haka ake auna abu. Bari in gaya maka nauyinsu a nan. Ranar da na furta, gidan maigidana za su ce na yi wa ɗansu tsirara a bainar jama'a. Za su nemi alade daga danginmu, wato daga tsohuwa Matilda, ba daga kai ba. Suna iya mayar da ni, kuma Klara tasu ce, ba tawa ba. Ba a littafin farfesa na karanta wannan ba.

Na ƙwanƙwasa wasu ƙofofin tun kafin ka koya min. Na je ƙauyen su Rufina. Ubanta ya karɓe ni hannu biyu, ya ba ni kifi. Ya ce, "Malama, ai an riga an zo an gyara." Na ga gyaran a ɗaure a gindin kwakwa, ƙosasshen alade daga gidan surukin nawa, yana tonon ƙasa. Rufina tana bayan gida tana wanke sago, ba ta fito ba. Malaman da suka rage kuwa, ɗaya abokin shan surukin nawa ne, ɗayar sabuwa ce, ba a ma fara biyanta ba, a tukunyar gidansa take ci. Su kuma yaran, in kai da Sistarka kuna tsammanin zan tsayar da ƙaramar yarinya a gaban ƙauyuka ta faɗi abin da aka yi mata, to ku sake shawara.

Na yi wa maigidana magana. Yana gyaran injin jirginsa, bai ɗago ba. Ya ce, "Uwar Klara, yayana ne." Na ce, "Na san yayanka ne, shi ya sa nake gaya maka. In da Klara ce fa?" Ya ce, "Ai Klara 'yarsa ce, ba zai taɓa ta ba." Kamar sai daga baya ya ji abin da bakinsa ya faɗa, domin ya daɗe yana murɗa ƙarfen da ya riga ya ɗauru.

Kai ba tambunka ba ne. Bakinka a buɗe yake, dama kullum a buɗe yake. Ka biyo Sista, ka tashi ka faɗi sunan da kanka. Za mu shimfiɗa maka tabarma, mu kore maka sauro, in ƙafar ta yarda.

Ni ba zan faɗa ba. Zan ci gaba da kwana a bakin ƙofa.

Filomina


Wewak, farkon Agusta

Ƙanwata,

Allah Ya ba Klara lafiya. Na haɗo da maganin tari, direba zai ba ki tare da wannan.

Ba zan iya tashi ba, kuma ba don ƙafa ba. Ban ga komai ba. Abin da na sani a bakinki na ji, an kuma riga an ga abin da nake yi da abin da na ji.

Na ga Malam Kaspar a kasuwar bakin teku. Yana zaune gefen 'yarsa mai sayar da buai, yana karanta tsohuwar jaridar da ake naɗe kaya da ita. Na gabatar da kaina. Ya ce ya san ni, ya ga sa hannuna. Bai zage ni ba. Na yi masa tambayar da ya kamata a ce na yi tun Afrilu, in da ina aikin da aka koya min: wa ya ba Filomina ɗakin 'yan mata?

Ya ce a da Malama Gertrud ce, 'yar tsaunuka, ba ta da dangi ko suruki a kogin, babu sunan da ya fi ƙarfin bakinta. Ta taɓa tsayawa a tsakiyar filin makaranta tana kiran Ogas da sunansa a kan maganar shara. Daga nan ya yi ta zirga-zirga har aka mayar da ita wani tsibiri. Da aka zo neman wadda za ta gaje ta, Kaspar ya so ya ɗauko wata dattijuwa daga ƙauye. Ogas ya ce, ga kalmominsa yadda tsohon ya maimaita min: "A ba tambuna. Ita ce ba za mu taɓa jin bakinta ba." Kaspar ya ɗauka yabo ne.

Kin ce kina sunkuyar masa da kai domin haka aka koya miki. Shi ma ya san abin da aka koya miki, ya ma fi ki sani. Bai zaɓe ki don kin iya riƙon yara ba. Ya duba makarantar kaf yana neman ƙofar da ba ta ƙara in an buɗe, ya same ki.

Sista za ta taso mako mai zuwa. Ba ni da sauran abin faɗa. Ki rubuta ranar, ba a cika jin haka daga bakina ba.

Alois


Mindawi, Ogas

Kandere,

Maganin ya iso, tarin ya lafa. Tsohuwa Matilda tana gaishe ka, ta ce in gaya maka aladenta na ƙarshe ya tafi a dalilin karatunka da nawa.

An zauna ranar Laraba a gindin mangwaron makaranta. Iyaye sun zo daga ƙauyuka, kwalekwale har babu wurin ɗaurewa. Gidan maigidana sun zauna a gaba, surukata a tsakiyarsu. Shi kuwa ya sa farar riga, ya liƙa sauran hotunan da ka ba shi a jikin bishiya, ya yi jawabi a kan walwalar ɗalibi. Ya iya magana, a nan ka yi gaskiya. An tafa masa.

Sista ta ce wanda ya ga abu ya tashi. Babu wanda ya tashi, sai tofar da buai ake yi. Ta sake tambaya. Ta fara tattara takardunta. Na tashi. Na faɗi na sago, na faɗi na shara, na faɗi cewa ta hannuna saƙon yake biyowa. Ban ambaci yarinya ko ɗaya ba. Ta ce, "Wa?" Na ce, "Mai riƙon makarantar." Ta ce, "Suna nake tambaya, Malama."

Sai ya yi dariya, ya buɗe wa jama'a hannu, ya ce, "Sista, ki yi mata haƙuri. Tambuna ce, 'yar mutunci ce. Ba ta iyawa."

Da bai faɗi haka ba, ban san abin da zan yi ba. Kada ka ɗauka wasiƙarka ce ta tashe ni. Ta dai taimaka, irin taimakon da ƙaya take yi wa mai gyangyaɗi. Na ɗago na kalle shi, karo na farko tun aurena. Ashe idanunsa ƙanana ne. Na ce, "Ogas." Na sake faɗa don na baya su ji.

Surukata ta kurma ihu kamar an kawo gawa, ta juya min baya, matan gidan suka juya tare da ita. Ana cikin haka wata mata daga ƙauyukan sama ta miƙe, ta ce 'yarta ma ta yi sharar. Sai wata. Uban Rufina bai tashi ba, yana kallon yatsun ƙafarsa, amma matarsa ta tashi. Sista ta tafi da Ogas a jirginta, ta ce daga Wewak maganar ta 'yan sanda ce. Kai ka san ko za ta kai can, ko za ta maƙale a bakin gada kamar wasiƙunka. Ka bi ta. Wannan aikin naka ne, kuma ga sunan nan an rubuta maka a fili, ba sai ka yi fassara ba.

Abin da na gaya maka zai faru ya faru. An kai aladen. An kwaso min tukwanena aka jibge a bakin tsanin ɗakin 'yan mata. Klara tana wurin kakarta; ina hango ta da safe a layin 'yan aji uku, tana ɗaga min hannu a ƙasa-ƙasa. Maigidana bai ce min uffan ba tun ranar. Amma ranar Lahadi ya ta da jirginsa, babu wanda ya aike shi, ya je ƙauyen su Rufina, ya ɗauko ta, ya sauke ta a gaɓar makaranta da jakarta ya juya. Ba duka 'yan matan da aka ɗauke suka dawo ba. Ana cewa Malam Kaspar zai dawo. In ya dawo ka aiko masa da alli, ba hoto ba, kuma ka rubuta masa abin da ya kamata da hannunka.

Ranar Litinin na shiga aji takwas na rubuta kwanan wata a allo kamar kullum. Da na juyo babu mai rubutu, duk sun zuba wa allon ido. Rufina, daga bencin baya inda take zama yanzu, ta ɗaga hannu. Ita ce maganarta ta farko da ni tun Fabrairu. Ta ce, "Malama, haka za mu kwafa?"

Na ce haka za su kwafa.

Ka duba saman takardar nan. In akwai gyara, ka riƙe abinka.

'Yar uwarka,
Filomina